Saura kwana 19 azumi, littafin da na yi alƙawari bai kai ko'ina ba

Ta Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da masu karatu. Na daɗe a cikinku ban cika tanka magana ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau dole in fito da abin da ke cina.

Farkon Jimada Ula na fara sakin sabon littafina ta waya, kaɗan-kaɗan. Na kuɗi ne, mata 140 suka biya naira 500 kowace. Da bakina na ce masu feji ɗaya kullum in ban da Juma'a, feji 90 ne duka, kuma za mu rufe labari kafin a ga watan azumi, don ni ba na taɓa rubutun labari cikin Ramadan. Feji 50 na farko sun tafi kamar ruwa a gangare. Daga nan abu ya cije. Duk watan Rajab da kwana goman nan na Sha'aban, feji 11 kacal na iya fitarwa. Yau ina kan na 61, saura 29, kwana kuma saura 19.

Wata da nake ganin girmanta ta ce mini rashin tsari ne ke damuna, in riƙa tashi ƙarfe huɗu in rubuta kalma 1000 kafin kiran assalatu. Na bi sati biyu cur. In tashi, in yi alwala, in zauna bakin gado da waya a hannu, idona kamar an watsa yashi. In rubuta layi uku, in goge biyu. Ƙarfe takwas ina gaban 'yan aji huɗu ina hamma, har shugabarmu ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Amma da dare bayan isha'i, in yara sun yi barci na shimfiɗa tabarma tsakar gida, wani lokaci sai labarin ya ɓalle mini, in yi feji uku a zama ɗaya, ban ankara ba ƙarfe ɗaya ta wuce. Sai kuma in yi kwana biyu ko uku, ko kalma ɗaya ba ta zuwa.

Tambayata biyu ce. Wannan lalaci ne da ya kamata in yaƙa, ko haka Allah ya yi ni? Sannan yaya zan yi da alƙawarin da na ɗauka, ga kuɗin mutane na riga na ci?

Uwar Tagwaye:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi, tun ranar da kika karɓi kuɗi a kan littafin da ba ki gama ba kika ɗaura wa kanki igiya. Ba zargi nake ba, ni ma na yi. Littafina na uku haka na sayar da shi yana rabi. Da wa'adi ya matso, ina da kishiyar da na kwashe feji 70 ina gina ta, na rasa yadda zan warware rikicinta da uwargida, sai na sa ta a mota na kifar da motar. Feji biyu na gama da ita. An yi ta kuka ana sambarka, ni kuwa har yau ba na iya buɗe littafin nan. Matar nan ta cancanci ta tsaya gaban mijinta ta faɗi abin da ke ranta, na kashe ta don in cika rana.

Tun daga nan ba na sakin ko layi ɗaya sai na rubuta "tammat". In ajiye shi wata guda, in dawo in karanta kamar na wata ne, sannan in tallata. Kuɗi na jinkirin shigowa, amma ina barci lafiya.

Malamin Islamiyya:
Allah shi ba da lada Hajiya da kika damu da haƙƙin mutane, da yawa ba su ma ɗauke shi komai ba. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura, kuma abin da ke tsakaninki da matan nan ƙulli ne, kin faɗi yawan feji, kin faɗi lokaci, sun biya a kan haka. In kin ga ba za ki iya ba, hanya a buɗe take: ki sanar da su tun yanzu, ki yanka sabon lokaci, wadda ta yarda ta jira, wadda ba ta yarda ba ki mayar mata da kuɗinta. Abin da bai dace ba shi ne ki yi shiru har ranar ta zo ta wuce.

Batun lokacin aiki kuma, ni ina tare da wadda ta ba ki shawara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Sati biyu ya yi kaɗan a ce an gwada an kasa.

Makaranciya daga Arkilla:
Anti, ni ba na rubutu, karatu nake, kuma ina cikin masu biyan kuɗin irin waɗannan littattafai, ko da yake ban shiga naki ba. Bari in faɗa maku abin da ke ƙona mana rai, don na ga marubuta ba su gane ba. Ba jinkirin ba ne. Shirun ne. Ki sayi data da kuɗin cefanenki, ki leƙa da safe babu, da rana babu, da dare ki ga marubuciyar tana kan waya tana sa hoton biki, amma ba ta ce da ku ko ci kanku ba. In an yi magana a ce ba mu da haƙuri. Wallahi da za a ce mana "ban samu dama ba, sai Alhamis", da mun jira Alhamis ɗin da zuciya ɗaya.

Na biyu, mun fi ƙin ƙarshen da aka yi wa gaggawa a kan jira. Muna ganewa sarai. Mutanen da aka yi wata uku ana faɗa da su, feji ɗaya kowa ya tuba, a yi aure uku, a haifi 'yan biyu, shi ke nan.

Telan Tsohuwar Kasuwa:
Hajiya, ni tela na, matata ka rubutu, ita tas sa ni cikin wanga zaure. Amma zancen wa'adi in dai ana yi, a bari tela shi yi magana, don mu munka san zafinai.

Shekara 22 ina bisa keke. Da ina sabon shiga, in azumi ya kama duk wanda yak kawo yadi amsa nikai, in ce mai "ka zo ranar 27". Wata shekara, daren salla, wani dattijo yaz zo da ɗiyanai ukku, shaddarsu tana cikin leda ko almakashi ban sa mata ba. Bai zage ni ba. Yad dube ni, yac ce "Allah shi kyauta", yaj ja hannun yaran sunka tahi. Ƙaramin yana tahiya yana waiwayen ledar. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare man wuya.

Da niz zauna nid duba, sai nig gane inda kuskurena yake. Akwai daren da nika ɗinka kaftani huɗu, to da wanga daren nika auna kaina, in ce huɗu sau talatin. Alhali in an lissafa sati guda, da ranar da anka ɗauke wuta, da ranar da keke yal lalace, da ranar zana'ida, goma sha ɗaya nika yi. Tun sannan da sati nika lissafi, kuma goma ga azumi in rufe amsar ɗinki ko ɗan Sarki na.

Ke ma ba feji ɗaya kullum kika yi ba. Ki ƙirga abin da kika yi cikin sati, shi za ki yi wa mutane alƙawari, ki rage ɗaya saboda halin rayuwa. Zancen dare ko sahe kuma, ni da dare nika yanka, in gari ya yi sanyi kasuwa ta watse. Yarona shi da asuba idonai ka buɗewa, shi ka haɗawa. Ban taɓa tilasta mai shi koma irina ba, kuma aiki na tahiya.

Mai Ɗab'i:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan zancen na "haka Allah ya yi ni" ba. Shekaruna a wannan sana'a sun nuna mini cewa ƙofar da ragwanci ke shigowa ke nan. Lokacin da littattafan hikaya ke tashe a kasuwa, ana buga su kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, sau nawa aka kawo mini na ɗaya da na biyu, mai shi ya ce na uku yana jiran ilhama? Akwai waɗanda har yau ragowar na biyunsu na cikin kwali a shagona, gara ta cinye gefe, na uku bai zo ba. Mai karatu ya sayi biyu, an bar shi a tsakiyar kogi.

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Kuna jin masu rubuta ta suna jiran sai ransu ya so? Ranar shiga inji in ta zo, ko kana so ko ba ka so sai ka miƙa. Manomin albasa a fadama ba ya cewa yau ban ji sha'awar ban ruwa ba. In rubutu sana'a ne har ana karɓar kuɗi, to a yi masa irin riƙon da ake wa sana'a.

Ɗalibin Dundaye:
Baba Mai Ɗab'i, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce ta wani gefe. Wa'adi ba abokin gaba ba ne, shi ma ya haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasa, malamai suka rubuta suka aika, Abubakar Imam yana da shekara 22 yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, cikin kamar wata shida ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Ko yanzu, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, mata nawa ne ba su taɓa kai labari ƙarshe ba sai da aka ce masu ga ranar rufewa?

Amma yadda kowa ke isa ga wa'adin, nan ne aka rabu. Akwai wani marubucin Ingila, Antoni Turolof, ma'aikacin gidan waya ne. Ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama, agogo a gabansa, kalma 250 duk minti 15, kafin ya tafi ofis. Da haka ya rubuta littattafan labari 47. Shi irin mutumin da kake nufi ne, Baba. Ga kuma Dostoyebski na Rasha, bashi ya yi masa katutu, ya sa hannu da wani mai buga littattafai cewa in bai kawo sabon littafi ba kafin 1 ga Nuwamba 1866, mutumin zai mallaki buga ayyukansa shekara tara ba tare da biyansa ba. Ya yi ta ja har saura wata guda. Sai ya ɗauko wata yarinya mai saurin rubutu, yana faɗa tana ɗauka, cikin kwana 26 suka gama. Daga baya ma ya aure ta. Toni Morison ta Amurka, wadda ta ci kyautar Nobel a 1993, ta fara rubutun kafin alfijir ne saboda tana da ƙananan yara, ba ta da wani lokacin, daga baya ta gane lokacin ne kanta ya fi washewa.

Dukkansu sun cika aiki. Babu wanda ya bi hanyar ɗan uwansa. Anti Ta Mabera ba ta ce ba za ta yi ba, cewa ta yi da asuba ba ya zuwa.

Mai Ɗab'i:
Yaro, ka kawo mini na Rasha da ya tsallake rijiya da baya. Waɗanda suka faɗa ciki fa, wa ya rubuta tarihinsu? Suna cikin kwalina.

Nas ɗin Dare:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Ba duka jiki ne iri ɗaya ba, wannan ba zancen ragwanci ba ne. A wurin aiki muna gani, akwai wadda in an sa ta aikin dare sai ta yi kamar za ta faɗi, akwai wadda ƙarfe biyun dare ne take garau. Babban mutum yana bukatar barcin da bai gaza awa bakwai ba. Ke kuma 'yar uwa abin da kika yi shi ne, ba ki daina zaman dare ba, kika ƙara tashin ƙarfe huɗu a kai. Kin kwanta ɗaya kin tashi huɗu, awa uku ke nan, sannan ki tsaya gaban yara. Ko na'ura ce sai ta tsaya. Ba asubar kika gwada ba, rashin barci kika gwada.

In dare ne naki, ki yi masa iyaka, sha biyu ki ajiye waya ko ana tsakiyar faɗa a labarin. Ki tashi salla, in kin dawo makaranta ki yi ƙailula ko ta minti 40. Ga zafi ya fara leƙowa, nan da 'yan makonni za mu koma sama da digiri 40, rana tsaka a garin nan na Sakkwato ba ta aikin ƙwaƙwalwa ba ce dama.

Malamin Islamiyya:
Na karɓi gyaran Malama Nas. In tashin zai cutar da ita ya cutar da amanar yaran da take koyarwa, ba a ce dole ba. Sai dai in ƙara da hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ko dare ko safe, a samu abin da aka riƙe.

Baba na Kanwuri:
Ɗiyata, na karanta duk abin da anka rubuta. Ni tsohon malami na, alli ya ci man hannu shekara 35. Abu guda nika son in tambaye ki, don ban ga wanda yat tambaya ba. Feji hamsin sun zo maki da sauƙi, kina da ɗiyan nan, kina zuwa makarantar nan, ana ɗauke wutar nan. To mi yaf faru ga feji na hamsin?

Nika tambaya don mu mutanen garin ga mun gaji rubutu daga waɗanda ba su samu ɗakin shiru ba. Shehu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello cikin hijira da yaƙi da shari'ar jama'a sunka yi talifinsu, Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812 ana tsakiyar kafa daula. Nana Asma'u, daga haihuwarta 1793 har rasuwarta 1864, ga gida, ga karantarwa, ga jajis, wato matan da ta horas su karantar, na zuwa daga ƙauyuka suna amsar waƙoƙi su kai ma 'yan taru, matan da ka ɗaukar karatu wurinsu, kuma ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ba nika cewa mu kai su ba. Cewa nikai rashin lokaci shi kaɗai bai cika tsayar da alƙalami ba. In alƙalami ya tsaya, sau da yawa akwai abin da zuciya ta ƙi. Ki duba can.

Ta Mabera:
Baba, Allah shi ja da kwana. Na karanta tambayarka na ajiye waya na yi shiru, har tuwona ya kusa kamawa.

A tsarin da na yi tun farko, yarinyar labarin ba za ta koma gidan mijinta na fari ba. Ya wulaƙanta ta, ya sake ta tana da ciki, ta koma ɗakin uwarta ta fara sana'ar ƙuli-ƙuli, daga nan rayuwarta za ta miƙe. Labarin da nake son bayarwa ke nan, don na ga irinsa da idona a unguwarmu. To sai ya zama na iya rubuta mijin nan fiye da yadda na yi niyya, masu karatu suka kamu da sonsa. Kullum na saki feji sai sharhi ya fi ɗari: "Anti don Allah a maida su", "in ba ta koma ba mun fasa karatu". Har kira ake yi. A feji na 50 na karaya, na sa ya zo biko da kuka. Aka yi ta murna, ranar har katin waya aka turo mini.

Tun daga ranar, in na zauna rubutu sai in ji yarinyar ta ƙi magana. In sa mata kalma a baki, in karanta, in ji ba ita ba ce. Fejin nan uku da na ce ina yi a zama ɗaya da dare, yanzu da na duba, duk wuraren da ba mijin a ciki ne, ita da uwarta, ita da masu sayen ƙuli. Ban taɓa haɗa abin ba sai yau.

Uwar Tagwaye:
Allahu akbar. Ƙanwata, to ai ga ciwon nan. Kin ga abin da ya sa na ce a gama kafin a saki. Marubuciyar da ke da taushin zuciya irinki, in ta buɗe ƙofa tana cikin girki, kowa sai ya zuba gishirinsa.

Ɗan Gawon Nama:
Yaya Uwar Tagwaye, a nan zan ɗan saɓa maki. Ni in na ce sai na gama zan saki, har abada ba zan gama ba. Na gwada, ina da littafi biyu a waya da suka mutu a babi na huɗu don ba mai jira. Labaran bincike nake rubutawa, kullum bayan la'asar nake sakin feji, kuma a shago nake rubuta shi tsakanin mai sayen caja da mai gyaran sikirin. Sharhin mutane shi ne man da nake tafiya da shi. In na ga sun zargi direba, sai in san na ɓoye mai laifin da kyau. In sun gano shi da wuri, in sake dabara. Ban taɓa jin sun ƙwace mini labari ba, wasan ɓuya muke da su.

Don haka kada a mai da hanyarki doka. Ita Anti Ta Mabera sharhi na karkatar da ita, ni yana tsayar da ni. Abin da zan ce mata, ta nemi wata amintacciya ta riƙa karanta sharhin tana tace mata, ita kada ta leƙa sai ta kai ƙarshe.

Uwar Tagwaye:
Na yarda ƙanena. Kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Amma ka lura kai ba ka karɓi kuɗin kowa a kan rana ba.

Ɗan Gawon Nama:
Wannan gaskiya ne, nawa kyauta ne, sai an gama nake haɗa shi in sayar.

Makaranciya daga Arkilla:
Anti, jikina ya yi sanyi, don irin wannan roƙon ni ma na sha yi wa marubuta. Muna faɗa ne cikin zafin labari, ba mu san yana isa har haka ba. Amma ki sani, littattafan da har yau nake tunawa, waɗanda suka ƙi ba ni abin da na roƙa ne. Ki bar ta ta soya ƙulinta.

Mai Ɗab'i:
To, yanzu an gano ciwo, madalla. Amma ina nan kan bakana, a yanka rana. Gano ciwo ba ya cika feji 29. Kuma shawara ta sana'a: duk abin da kika rubuta ki tura wa kanki ta imel ko ki ajiye a wuri na biyu a daren, na ga wanda wayarsa ta faɗa ruwa da littafi sukutum a ciki. In caji ya ƙare, littafin rubutu na 'yan makaranta da biro ba su taɓa jiran wuta ba.

Ɗalibin Dundaye:
Ƙari a kan na Baba, tunda hannunki na cikin aiki da rana, ki gwada dabarar mutumin Rasha. In magana ta zo maki kina wanke-wanke, ki danna ɗaukar murya ki faɗe ta yadda ta zo. Da dare sai ki juye. Hirar da aka fara faɗa da baki ta fi zama irin ta mutane.

Ta Mabera:
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan, na dawo in ba ku bayani tunda kun ɗauki abin kamar naku.

Daren da muka yi maganar nan na rubuta wa matan saƙo. Na ce masu ba zan iya gamawa kafin azumi ba, na nemi gafararsu. Na ce na janye feji na 50 zuwa na 61, zan sake su, don na kauce daga labarin da na ɗauko, kuma na faɗa masu a fili cewa yarinyar ba za ta koma ba, wadda ta biya don ta ga an koma ta yi magana in mayar mata da kuɗinta. Hannuna na rawa na tura. Mata 9 suka nemi kuɗinsu, na mayar a ranar, biyu daga ciki sun yi mini maganganu masu zafi, na haɗiye. Sauran suka ce za su jira. Wata ta rubuto mini a keɓe cewa ita ma da ciki aka sake ta, kuma tun feji na 50 ta daina karantawa, yanzu za ta dawo. Na daɗe ina kallon saƙon nan.

Na bi lissafin Malam Tela. Na koma baya na ƙirga, a lokacin da abu ke tafiya daidai feji shida zuwa bakwai nake yi a sati, ba kullum ɗaya ba, uku yau, babu gobe. Don haka na ce masu feji shida a sati, uku ranar Litinin, uku ranar Alhamis. In an ga wata mu tsaya. Mu ci gaba sati guda bayan ƙaramar salla, mu rufe kafin ƙarshen Zulƙida. Ƙanwata ce za ta riƙa sakin fejin tana karanta sharhi, ni na fita daga zauren matan da suka biya sai an gama.

Na daina tashin ƙarfe huɗu. Ina zama daga tara da rabi zuwa sha biyu. Jiya sha biyu ta buga ina tsakiyar wurin da ya zo biko ta fito zaure da kaskon suya a hannu, na so in ci gaba, na tuna maganar Anti Nas na kashe waya. Da safe kafin in tafi makaranta na san abin da za ta ce masa, na ɗauke shi a murya ina ɗaura wa ƙaramin takalmi.

Mai Ɗab'i:
Feji 41 ke nan yanzu a gabanki, ba 29 ba. Shida a sati, sati bakwai. Biyu kafin azumi, biyar bayan salla. Lissafin ya fita, har da 'yar rara. Na rubuta ƙarshen Zulƙida a kalandar shago, zan tambaya.

Baba na Kanwuri:
Allah shi yi maki albarka ɗiyata, shi sa ki gama lahiya.

Makaranciya daga Arkilla:
Anti, har yanzu ana iya biya a shiga? Kuma ranar Alhamis ɗin da wane lokaci za a saki?

Ta Mabera:
Amin Baba, na gode. Ƙanwata, ki bari sai na gama sannan ki biya, ba na ƙara karɓar kuɗin kowa yanzu. Waɗanda ke ciki kuma, Alhamis bayan isha'i in sha Allah.